Turaku Bakwai a Tsakiyar Layi

Ƙarfe bakwai da kwata na safe aka bugo waya caji ofis. Sufeto ko kurɓar shayinsa bai yi ba, Saje ta leƙo ta ƙofa da makullin mota a hannu.

"Gawa, yallaɓai. A tsohuwar unguwa, inda ake fitar da sabon titi."

Sufeto ya ajiye kofin a hankali. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, ya ga gawa iri-iri, ba ta taɓa hana shi cin abinci ba. Abin da ba ya so a rayuwarsa shi ne unguwar da ake rushewa. Yana ɗan shekara tara aka ture gidansu da katafila, yana tsaye rungume da kejin tantabarunsa. Har yau in ya ji ƙugin wannan inji sai tsoro ya kama shi. Saje mace ce da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, amma wannan ta daɗe da ganewa ta bar masa kayansa.

A bakin unguwar hukumar raya birni ta kafa ƙaton allo mai hoto: titi mai faɗi, fitilu, bishiyoyi, rumfunan kasuwa a jere, mutanen cikin hoton kowa baki har kunne. A bayan allon rabin layin ya riga ya zama tarin bulo da lanƙwasasshen kwano. Gidajen da suka rage, wasu an zabga musu jan fenti a bango, alamar ranarsu ta kusa. Mutane na tsaye ƙofa-ƙofa sun yi tsuru-tsuru. A nan babu mai dariya.

Gawar na cikin sabuwar kwata da aka haƙa ba a rufe ba. Mai awon kamfanin da ke aikin titin ne, mutum ɗan shekara arba'in, hular kwanonsa ta faɗi can gefe cikin taɓo, don an yi ruwa jiya da yamma.

"A ƙeya aka buge shi," in ji likitan 'yan sanda. "Bugu ɗaya, da abu mai nauyi mai faɗin kai. Bai fi awa biyu ba."

Sufeto ya tsuguna. Tef ɗin awo na nan a hannun mamacin, an ja shi an kulle. A gefensa akwai turken ƙarfe mai jan kai, irin waɗanda aka kafa a tsakiyar layin, an tuge shi daga ƙasa. Dunƙulen siminti ya biyo gindinsa.

"A saka wannan a leda," ya ce.

"Turke kuma, yallaɓai? Ai an riga an kama mutumin," in ji wani kurtu. "Yana bayan mota. Da ba mu zo da wuri ba, da leburorin kamfani sun gama da shi."

Wanda aka kama matashi ne mai walda, yana da ƙaramin shago a ƙarshen layin. An fasa masa leɓe. An ɗaura masa ankwa a hannu.

"Kai ne ka ce za ka kashe shi jiya?" Sufeto ya tambaya.

"Baki ne kawai, yallaɓai. Kowa ya san bakina."

"Me ka ce?"

"Na ce... na ce in ya sake taka layin nan sai dai a ɗauke shi."

"To ga shi can ana ɗaukarsa. Ina kake da sassafe?"

"Ina ɗaki ina barci."

"Da takalmi kake barci?" Saje ta jefa masa. "Dubi taɓon da ke ƙafarka, ko bushewa bai yi ba. Wannan na hannun rigarka kuma fenti ne?"

Mai walda ya dubi jinin da ke hannun rigarsa, sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Fita na yi in aro kura mu kwashe kayan Inna, yau za a rushe gidanmu. Na hango mutum a kwata, na diro na ɗaga kansa, na ga shi ne. Sai maganar da na yi jiya ta dawo mini. Na gudu, yallaɓai. Wallahi a mace na same shi. Amma wa zai yarda da ni?"

Sufeto ya san amsar ba ta da daɗi. Layi guda ya ji barazanar, ga jini, ga ƙarya. Da ƙasa da haka an sha rataye mutane.

Wayarsa ta yi ƙara. Oga ne daga ofis.

"Na ji ka kama mutuminka. Madalla. Ka sakar wa kamfani wurinsu, jibi manya za su zo duba aiki."

"Yallaɓai, ban gama..."

"Ka kewaye kwatar da igiya, sauran layin ka bar su su yi aikinsu. Ƙarfe biyu za su ci gaba."

Gidan Inna, mahaifiyar mai walda, yana tsakiyar layin ta hannun hagu, da jan fentinsa a bango. A tsakar gida an tara kaya: katifu biyu a naɗe, tukwane a cikin baho, keken ɗinki an lulluɓe shi da zane. Tsohuwar na zaune a ƙasa a tsakiyar kayan. Tana ganin kaki ta rarrafo ta kama ƙafar wandon Sufeto.

"Ɗana, su ɗauki gidan, na yafe. Ku bar mini yaron. Shi kaɗai gare ni."

"Tashi, Inna. Tambaya na zo yi."

Wani dattijo da ke kan tsani yana cire taga ya sauko, ya jawo wa Sufeto benci. Mutum ne siriri mai furfura, hannayensa duk kanta. Sufeto ya zauna, bencin ya ɗan yi gefe. Dattijon ya ce ya ɗaga, ya nemo ɓallin bulo ya cusa a ƙarƙashin ƙafar bencin, ya girgiza ya ji ya zauna daidai, sannan ya bar shi.

"Maƙwabcina ne, gidansa ke kallon nawa," in ji Inna. "Magini ne. Shi ya gina mana gidan nan da hannunsa tun mahaifin yaron na da rai. Tun ɗazu yake taya ni."

"Baba, ka ji wani abu da safe?"

"Ko motsi ban ji ba, yallaɓai. Ina ciki wajen mai ɗakina, ba ta gani, ba na nisa da ita." Ya sunkuyar da kai. "Yaron nan a gabana ya girma. Yana da zuciya, ba zan ɓoye maka ba. Amma Allah Shi ya san gaskiya."

Sufeto ya juya ga tsohuwar. "Kin san mamacin?"

"Yaya ba zan san shi ba? Ranar da ya fara zuwa kafa turakunsa rana ta buge shi, ya roƙi ruwa a ƙofar nan. Na ba shi a kofin silba. Ya sha ya ce, 'Inna, kwantar da hankalinki, titi zai goge ƙofarki ya wuce, gidanki na nan.' Na faɗa wa kowa. Da aka zo aka shafa mini jan fenti sai aka ce tsufa ne, na ji ba daidai ba."

"Yaushe aka shafa?"

"Washegarin taron hukuma. Ranar nan da aka tara mu duka unguwa a babban ɗakin taro, tun hantsi har yamma, ana nuna mana inda za a mayar da waɗanda abin ya shafa. Ko kaza ba ta rage a layin nan ba."

"Jiya kuma me ya faru?"

"Ya zo wucewa, ya tsaya yana kallon fentin ya daɗe. Ya ce, 'Inna, ba nan ne gidan da na sha ruwa ba?' Na ce nan ne. Ya ce, 'Gobe da sassafe zan dawo da tef ɗina.' Sai wannan mai bakin ya fito daga shago yana zage-zage, bai ma ji me aka ce ba."

"Wa ya ji?"

"Ni dai na ji. Sai Magini, yana kan dakalinsa."

"Kunnena ya yi nauyi, yallaɓai," in ji dattijon, ya koma kan tsaninsa.

Ofishin kamfanin kwantena ce aka ajiye a can ƙarshen filin da aka share, tafiyar minti uku daga layin. Sai da Sufeto da Saje suka yi zaman jiran injiniyan kamfanin har ƙarfe ɗaya da rabi. Ya shigo yana goge gumi, waya biyu a hannu.

"Abin takaici ne, Sufeto, amma aiki ba ya tsayawa."

"Mamacin ya yi maka wata magana jiya?"

"Ko kaɗan. Tun shekaranjiya ban ji muryarsa ba."

Saje ta ɗago wayar mamacin a cikin leda. "Ƙarfe biyar da minti goma na yammacin jiya ya kira lambarka. Minti goma sha ɗaya. Shiru kuka yi wa juna?"

Injiniyan ya zauna ba tare da ya duba ko akwai kujera ba. Ya yi sa'a akwai.

"Ya ce yana zargin awon tsakiyar layin ya kauce. Na ce ya rufa mini asiri, jibi ake zuwa duba aiki, in aka ce an shafa wa gidan da bai kamata ba fenti, ni za a fara kora. Ya ce sai ya auna da hannunsa. Iyakar abin da na sani ke nan, wallahi."

"Yaya kuke aikin? Yi mini bayani kamar ban san komai ba."

"Mai awo yana kafa turaku a inda tsakiyar titi zai bi. Bayansa masu fenti su zo, su auna mita shida dama, mita shida hagu daga kowane turke. Gidan da ya shigo ciki a shafa masa ja. Su ba ruwansu da taswira, turke suke bi."

"Nuna mini taswirar."

Ya shimfiɗa ta a kan tebur. A tsakiyar layin titin ba a miƙe yake ba. Ya ɗan rusuna zuwa hannun dama kamar baka, don ya haɗu da sabuwar gada, sannan ya daidaita.

Sufeto ya ɗora ledar turken a kan taswirar. "Da siminti kuke kafa su?"

"Siminti? A kan turken da katafila za ta share? Bugawa kawai ake yi da guduma a wuce. Wa ke da lokacin..."

Bai ƙarasa ba. Daga can cikin layin aka ji inji ya yi tari sau biyu, sannan ya kama ƙugi. Tagar kwantenar ta fara rawa.

Sufeto ya dubi injiniyan. "Me za ta fara yi?"

"Za ta kankare tsakiyar layin tukuna, ta samu hanya, sannan ta shiga gidan tsohuwar."

"Kira direban!"

"Ba ya jin waya in yana kan inji."

Sufeto ya fita da gudu. Mutum ne mai tumbi da ciwon gwiwa, rabonsa da gudu tun yana kofur, amma ranar ya yi. In turakun nan suka bi ƙasa, babu abin da zai rage sai barazana da jini a hannun riga, kuma yaron da ke bayan mota ya gama yawo.

Ya shigo layin numfashinsa na fita da ƙyar. Katafilar ta riga ta sauke bakinta, tana turo ƙasa da ɓaraguzai a gabanta, saura taku ashirin ta kai turken farko. Ƙasa na girgiza a ƙarƙashin takalminsa. Warin baƙin mai ya daki hancinsa, nan take ya koma yaron nan mai kejin tantabaru. Ƙafafunsa suka ce ba za su je ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke busar da miyau.

Ya ja ƙafafun da ƙarfi ya tsaya a kan turken, ya ɗaga hannu biyu.

Injin bai tsaya ba. Direban na can sama, tulin ƙasa ya tare masa gaba. Mata suka fara salati, wata ta rufe idon ɗanta. Sufeto ya ga tsakuwa na gangarowa tana bugun takalminsa. Ya runtse ido. Ya ji muryar Saje tana ihu, ta ɗare matakalar injin tana dukan gilashi da hularta.

Ƙugin ya mutu. Da ya buɗe ido, bakin ƙarfen na gabansa, in ya miƙa hannu zai taɓa.

"Yallaɓai," in ji Saje daga sama, "in ka sake yi mini irin wannan, ritaya zan yi."

Sai da Sufeto ya jingina da bango ya huta. Sannan ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya, mutanen layin na binsa da ido. Na farko a buge yake cikin ƙasa, ya ɗan karkace, babu komai a gindinsa. Na biyu kuwa a tsaye yake cak. Ruwan jiya ya wanke ƙasar da aka rufa masa, sai ga siminti an zagaye gindinsa da shi, an shafe sumul da cokalin gini, har da ɗan gangare don kada ruwa ya kwanta. Na uku haka, na huɗu haka, har guda shida masu siminti. Da ramin wanda aka tuge, bakwai ke nan.

Ya tsuguna a bayan na farko, ya rufe ido ɗaya ya hango. Duka sun ɓuya a bayan juna, a miƙe sambal.

"A taswira lanƙwasa ce," ya ce wa Saje ƙasa-ƙasa. "Wani ya tuge bakwai ɗin tsakiya, ya ja igiya daga wannan kai zuwa wancan, ya mayar da su a miƙe. Da ya miƙe su, titin ya bar hannun dama ya hau gidan Inna."

"Wane gida ne a hannun dama?"

Su biyun suka juya tare. Gida ne ƙarami mai farin bango, babu ko ɗigon ja a jikinsa. Dakalin ƙofarsa a shafe yake sumul, da ɗan gangare.

"Mai walda da walda zai yi tunani," in ji Sufeto. "Wannan hannun wanda ba ya iya zama ya ga benci na girgiɗi ne."

Suka yi sallama suka shiga. Tsakar gidan fes, babu abin tuntuɓe ko ɗaya. An ɗaura igiya a jikin bango daidai ƙugu, daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa bayi. A kan igiyar shanya akwai riga da wando na namiji da ba su gama bushewa ba. Wata tsohuwa na zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, idanunta fari fat, ta karkato kunne.

"Su wane ne? Takalmanku masu nauyi ne."

"'Yan sanda ne, Mama. Gaisuwa muka shigo yi."

"Ayya, sannunku. Tun safe nake jin hayaniya, Maigida ya ce ba komai. Ni in na ji injin nan sai hantar cikina ta kaɗa. Shekara goma sha ɗaya ban ga hasken rana ba, ɗana, amma a gidan nan ba na neman ɗan jagora. Taku shida zuwa randa, tara zuwa ƙofa. In aka fitar da ni daga nan, kabari kawai aka kai ni."

"Kun je taron hukuma kuwa?"

"Ina fa! Shi ba ya barina. Ranar ma aiki muka yi, ni da shi." Ta yi murmushi. "Ya fito da ni waje, layi shiru, ya ce in riƙe masa bakin igiya kamar zamanin da muna yara ba shi da lebura. Ya ce, 'Danne nan, kada ki motsa.' Na danne. Hannuna bai manta ba."

Saje ta kau da kai. Sufeto ya so a ce bai yi tambayar ba.

"Wa ya yi wankin nan, Mama?"

"Shi ne, da sassafe. Ya fita ya dawo ya hau wanki, har da gudumarsa na ji yana dirza. Na ce yau kuma tsabtar ta kai kan guduma?"

"Ya isa haka."

Magini ne tsaye a bakin zaure. Ba wanda ya ji shigowarsa. Gudumar na hannunsa, mai faɗin kai, ƙotarta a jiƙe. Zauren ƙunci gare shi, kuma shi ne kaɗai hanyar fita. Saje ta kai hannu ƙugu wajen bindigarta. Sufeto ya girgiza mata kai.

"Baba, ajiye ta."

Dattijon ya dubi gudumar kamar bai san ya ɗauko ta ba. Ya dubi matarsa, wadda ke juya kai tana neman inda muryoyin suke. Ya sunkuya ya jingina gudumar da bango, can inda ƙafa ba ta bi.

"Mu fita waje, yallaɓai. Kada ta ji."

A kan dakalinsa ya zauna, ya haɗa hannayensa a tsakanin gwiwoyi.

"Ranar da ya kafa turakun na auna da ƙafata. Na ga ɗakinta ya tafi, madafa ta tafi. Na je hukuma sau uku, suka ce za a ba mu ɗaki a bene hawa na uku. Makauniya a hawa na uku! Ranar taro na ce bari in ɗan gyara. Ƙasar wurin taushi gare ta, na buga turke sai ya kwanta. Ni kuwa ba na iya ganin abu a karkace. Na kwaɓa ɗan siminti."

"Ka san gidan wa zai tafi?"

"Na sani." Hawaye ya gangaro cikin furfurarsa. "Na ce ita tana da ɗa mai ƙarfi, tana da ido, ko ina aka kai ta za ta rayu. Mu ba mu da kowa. Mako uku ina taya ta ɗaure kaya, ba na iya haɗa ido da ita."

"Yau da safe fa?"

"Na fito na same shi ya tuge ɗaya yana dubawa. Na durƙusa masa, yallaɓai, da furfurata. Na ce ya zo ya ga matar. Ya ce, 'Baba, na tausaya maka, amma na sha ruwan tsohuwar can, na yi mata alkawari.' Ya juya ya sunkuya yana jan tef. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba."

"Da aka kama yaron kuma ka yi shiru. Har ka ce mini yana da zuciya."

Magini ya tashi tsaye. Ya miƙo hannayensa biyu.

Aka kwance ankwa daga hannun mai walda aka ɗaura a nasa. Matashin ya sauko daga mota yana tangaɗi, Inna ta ruƙunƙume shi tana shafa fuskarsa, tana taɓa fasasshen leɓen, tana kuka tana yi masa faɗa a kan bakinsa duk a lokaci guda. Da ya hango wanda ake sakawa a motar sai ya daskare.

"Baba? Kai?"

Dattijon bai ɗago ba. Injiniyan, da ya iso yana haki, ya riga ya fara waya yana cewa a kawo farin fenti a goge bangon tsohuwa, a kawo ja kuma. Kowa a layin ya san bangon da jan zai hau.

Ana shirin rufe motar sai ga matar Magini ta fito. Ta bi igiyarta har inda ta ƙare a bakin zaure, ta ƙirga takunta tara, ta tsaya a kan dakali tana lalube a iska.

"Maigida? Maigida, ina ka shiga? Wa ke kuka?"

Tsohuwar ta sake ɗaga ƙafa, kuma daga nan ba ta da lissafi, ga buɗaɗɗiyar kwata taku uku a gabanta.

Inna ce ta saki ɗanta. Ta tsallaka layin, ta bi ta tsakanin turakun da aka kafa don a rushe mata gida, ta kama hannun da ke lalube.

"Ni ce, Yaya. Tsaya, akwai rami."

"Ina ya tafi?"

"Zo mu shiga wajena, zan faɗa miki." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma kwance katifun nan, duka biyun."

Sufeto ya shiga gaban mota ya rufe ƙofa. Ta madubi ya hango tsofaffin biyu suna tsallaka layin a hankali, makauniyar na motsa baki.

"Me take cewa?" Saje ta tambaya.

Daga bayan mota Magini ya amsa, ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Taku take ƙirgawa."